Alhaji Imam na Ruwan Bagaja da ƴan biɗa na ƙasar Adar

A shekara ta 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labari da Hausa. Cikin littattafan da suka yi nasara akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake malamin makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22 da haihuwa. An buga shi a 1934, kuma ya jima yana ƙetaro iyaka zuwa hannun masu karatu na Tawa.

Abin da ya fitar da Alhaji Imam daga gida, wulaƙanci ne. Liman, mijin uwarsa, ya faɗi a fada cewa ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, aka yi masa dariya, aka muzanta shi. Yaron ya ɗauki sanda ya shiga duniya. Ruwa ya tafi nema a baki, amma abin da ke zuciyarsa shi ne mayar da mutuncin gidansu, da samun wurin zama a inda aka kunyata mai riƙonsa.

To, wane irin mutum ne tafiyar ta mai da shi? A nan ya kamata mai karatu ya dakata. Alhajin farkon littafi mayaudari ne ƙwarai. Ya shiga rigar malanta ba shi da ilimi. Da suka yi karo da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, sai ya zana wata alama a ƙasa, Zurƙe ya yi ta kiran sunayen baƙaƙe, shi kuwa ya ce jinjirin wata ne, jahilan gari suka ba shi gaskiya. Daga nan suka yi ta ramuwar gayya gari gari. Muna dariya, amma wanda ya yi karatu ne aka kora.

Sai can wajen ƙarshe halinsa ya sauya. Wayon da ya ci kasuwa da fada bai kai shi bakin ruwan ba. Sai da ya saurari na gaba da shi, ya bi umurni, ya yi haƙuri, aljannu kuma suka taimaka. A ganinmu Imam ya gaggauta wannan juyi, har mai karatu ya fi tuna ɓarnar da tubar.

Mutumin Adar ba ya bukatar a fassara masa wannan buri. Da an gama girbi, samarin Barmu da Kalfu da Afala kan kama hanyar biɗa zuwa Abijan, Kumasi, Legas ko Libiya, kuma farin 1973 da na 1984 sun ƙara yawan masu fita. Talauci na kora su, gaskiya ne, amma akwai kuɗin aure, da ginin ɗaki, da son a kira sunan mutum a dandali. Mahamadou Halilou Sabbo ya ɗauki wannan tafiya ta bakin teku ya gina littafinsa Abboki a kanta, da Faransanci, a 1978.

Alhaji Imam ya komo da ruwan, ɗan Sarki ya warke, Liman ya wanku. Cikin ƴan biɗa kuwa akwai masu daɗewa a kurmi shekara da shekaru, don kunyar shiga gari hannu wofi.