Hawan Dutse da Kare a Kwanakin Sanyi

A katunan Kirsimati da ake aiko mana daga ƙasashen Turai akan ga hoton dutse fari fat, da mutum riƙe da sanda, da wani ƙaton kare yana gabansa. Yara sukan tambaya ko gishiri ne aka zuba, ko kuwa auduga. Ba ko ɗaya. Dusar ƙanƙara ce, wato ruwan da sanyi ya daskarar tun yana cikin gajimare, ya sauko kamar gari. Ba ta sauka a ƙasarmu, amma Littafi Mai Tsarki ya ambace ta sau da dama. A cikin 2 Sama'ila sura 23 akwai labarin Benaiya, jarumin Dawuda, wanda ya shiga rami ya kashe zaki a ranar da take zuba.

Karen nan na hoto yana da tarihi. Tsakanin Suwizalan da Italiya akwai wata hanya da ta haura bisa manyan duwatsu har mita 2,469, wato sama da ƙafa 8,000. Wajen shekara ta 1050 wani bawan Allah mai suna Barnad ya gina masauki a can ƙwanƙolin hanyar domin matafiya, da yawansu masu zuwa Roma ziyara, gama sanyi da 'yan fashi suna ta hallaka su. 'Yan zuhudu ne ke lura da masaukin har wa yau. Wajen 1660 zuwa 1670 suka fara ajiye karnuka. A dā, idan ƙanƙara ta rufe hanya, kare ne ke wucewa gaba, yana tsaga ta da faɗin ƙirjinsa, mutane suna bin sawunsa. Idan ta binne matafiyi, da hanci yake gano shi. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Bari, wanda ya rayu daga 1800 zuwa 1814, an kuwa ce ya ceci mutum fiye da 40. Gawarsa tana ajiye a gidan tarihi na birnin Ban. Ɗan tulun giyar nan da akan zana a wuyan irin waɗannan karnuka kuwa, ƙarin gishirin masu zane ne. Giya ba ta maganin sanyi, sai ma ta sa jiki ya zubar da ɗan ɗumin da ya rage masa.

To, mu fa? Mu ma muna da namu farin. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga hamada ta kawo hazo, har mutum ya tsaya a gindin dutse bai ga kansa ba. Da asuba a fadamun Gummi haƙora sukan kaɗa, leɓe ya tsage, faso ya kama dugadugai. Duk da haka ba lokacin da ya kai wannan daɗin hawan dutse. An gama kaka, ciyawa ta bushe, makaranta tana hutu, rana ba ta gasa mutum. A dā samarin ƙasar Anka da Bukkuyum sukan fita da sassafe da karnukansu, su tashi zomo da makwarwa, su tsinki kanya da magarya, su komo kafin azahar.

Karenmu na gida siriri ne, ba shi da gashin na Turai, amma aikin nasu ɗaya. Abin da ke cutar mai hawa shi ne abin da ya ɓuya, kare kuwa ya riga ka saninsa. Da sanyi maciji yakan lafe cikin tsagar dutse, da hantsi ya fito shan rana a daidai inda za ka dafa. In karenka ya tsaya cik, gashin bayansa ya tashi, kai ma ka tsaya, kada ka ce ragonci ne. In hazo ya ɓatar da kai, ka bar shi ya wuce gaba, ya san gida. Abin kunya ne a ga yaro ya sha gudu da kare tun safe, an dawo ya jefe shi da dutse don ya matso kusa da murhu. Ka riƙa masa ruwa a gora, ka duba dāginsa saboda ƙaya da tsidau, ka cire masa kaska. A kai shi wurin malamin dabbobi kowace shekara a yi masa allurar ciwon hauka. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Amma, ya mai karatu, akwai abin da hancin kare ba ya ji. Duwatsun yankinmu suna da zinariya, a wasu wurare kuma tana haɗe da dalma. A 2010 aka gane cewa ƙurar duwatsun da ake dakawa a cikin gidaje tana kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Yara fiye da 400 suka rasu. Tun kafin yara su fara suma, agwagi sun yi ta mutuwa a ƙauyukan, ba wanda ya kula. Ƙurar nan ba ta da wari, iskar hunturu kuwa tana ɗaukarta. Kare da ya yi birgima a bakin tsohon ramin haƙa zai kawo ta a gashinsa har tabarmar da jariri ke rarrafe. Ramukan su kansu, waɗansu ciyawa ta rufe bakinsu.

Na biyun kowa ya sani, ba sai an tsawaita ba. A makon farko na Janairu 2022, tsakiyar hunturu ke nan, 'yan bindiga suka auka wa ƙauyuka a ƙasar Anka da Bukkuyum suka kashe mutane masu yawa. Haushin kare a daji yakan tona inda mai shi yake. Saboda haka ni dai a ganina, shugaban matasan ikkilisiya da ya kwashi yara zuwa dutse mai nisa don ya nuna musu aikin hannun Allah, ba bangaskiya ya nuna ba, ganganci ne.

Ban ce a kulle yara a ɗaki ba. Yawancin garuruwanmu ba su rasa ɗan fā ko tudu a bayan gari, inda ana hangen rufin gidaje, ana jin carar zakara. Wannan ya isa. A tambayi mai unguwa da mafarauta da daddare, a sake tambaya da safe, gama labari yakan sāke cikin dare ɗaya. Babba ya kasance tare da su, iyaye su san lokacin komowa. A sa riga biyu, a shafa man kaɗe a leɓe da ƙafa, a nisanci duk inda aka ga tulin ƙasar haƙa. In an dawo a bar takalma a zaure, yara su wanke hannu da sabulu kafin su taɓa koko da ƙosai, a kuma wanke karen a waje da rana tsaka, sa'ad da ruwa ya yi ɗumi.