Jariri da cin ƙasa: abin da ya kamata iyaye mazauna Kudu su sani

Tambayar da iyaye mata suka fi yi mini game da yaron da ya fara rarrafe ita ce: "Ya ci ƙasa, me zan yi?" Kafin in buɗe baki, sai wata dattijuwa a gefe ta ce, "Ƙyale shi, mu ma mun ci, ga mu nan da ranmu." Maganar tata da gaskiya a ciki, amma sai an yi mata ƙari.

Daga wajen wata 6 zuwa shekara 2, yaro da baki yake gane duniya. Duk abin da hannunsa ya kama, baki zai kai, balle in haƙora na masa ƙaiƙayi. Ba ya nufin yunwa yake ji, ba kuma maita ko iska ba ce. Ɗan yashin da ya haɗiye sau ɗaya yawanci yakan bi bayan gida ya fita.

To ina matsalar? Wace ƙasa ya ci, nan ne batun. A Agege, Idi-Araba, Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, ruwan sama kan ɗauki mafi yawan watannin shekara, ƙasa ba ta cika bushewa ba. Ƙwan macijin ciki da sauran tsutsotsi sun fi daɗewa a raye cikin ƙasa mai laima. Ga gidan haya na ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, ban ɗaki ɗaya, kwata na ambaliya da an yi ruwa, ga kashin kaji da awaki. Tsutsar ciki na cinye abincin yaro, ta hana shi girma, wata kuma jini take sha. Ƙwayoyin cutar gudawa ma ta nan suke shiga.

Abu na biyu ba a ganinsa da ido: gubar dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a Zamfara saboda ƙurar dutsen zinare da ake daka wa a cikin gidaje. A nan Kudu, dalma na fitowa daga tsoffin batura, tsohon fenti mai ɓarewa, da wuraren ƙona kayan wuta. 'Yan'uwanmu da dama sana'ar gwangwan suke yi, Allah ya sa albarka, amma don Allah kar a tara kayan ko a fasa batir inda yaro ke rarrafe. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta cika gyaruwa ba.

In kin kama shi da ƙasa a baki, ki cire wadda kike gani da yatsa mai tsabta, kar ki tura can ciki. Ki goge bakin da tsumma mai tsabta da ruwa, ki wanke masa hannu da sabulu, ki ba shi nono. Ban da duka, ban da sa shi amai, ban da ɗura masa manja, domin yana iya shaƙewa ya shiga huhu.

A garzaya asibiti in numfashi ya yi masa wuya, ko yana ta amai, ko gudawa da jini, zazzaɓi, kumburin ciki ko jijjiga. Haka in ana zargin ya haɗa da maganin ɓera, otapiyapiya ko ƙaramin batirin agogo, kar a jira alama.

In yaro ya wuce shekara 2 amma yana neman ƙasa da gangan, yana kankarar bango ko cin gawayi, wannan wani abu ne daban. Sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma ana yawan ganinsa ga masu sikila. A duba tafin hannunsa da cikin idonsa; in sun yi fari, a je a auna jini. A riƙa ba shi hanta, kifi, ƙwai, wake da zogale.

Maganin tsutsa kuwa, daga shekara 1 ake fara bayarwa, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ana rabawa a makon lafiyar mata da yara a asibitin sha-ka-tafi. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin, kar a ƙiyasta a kemis.

Ni dai shawarata, kar a hana yaro rarrafe don tsoro, da shi yake ƙarfi. A shimfiɗa masa tabarma mai tsabta, a yanke masa farce, a bar takalma a bakin ƙofa. Maigida kuma in ya dawo daga kasuwa ko gareji, ya wanke hannu ya canza riga kafin ya ɗauki ɗansa. Allah ya raya mana su.