Yadda Kwamfuta Ke Raba Ɗalibai Rukuni-Rukuni A Jami'o'in Amurka

A tsangayoyin koyon injiniya na Amurka, kaso mai tsoka na makin ɗalibi yakan rataya ne a kan aikin da zai yi da abokai uku ko huɗu tsawon zango guda. Idan aka bar ɗalibai su zaɓi juna, haziƙai sukan dunƙule wuri ɗaya, a bar sauran su haɗu da kansu. Idan kuma malami ya ce zai raba da hannu, lissafin ya fi ƙarfinsa: hanyoyin raba ɗalibai 40 gida goma, huɗu-huɗu, adadi ne mai lambobi 28.

Wannan matsala ce ta haifar da manhajar Team-Maker, wadda Richard Layton na kwalejin Rose-Hulman da Matthew Ohland na Jami'ar Purdue suke cikin waɗanda suka gina ta, a ƙarƙashin tsarin CATME. Kowane ɗalibi zai cike bayanan sa'o'in da yake da sarari, da sakamakonsa na baya, da ƙwarewarsa. Daga nan malami ya ɗora wa kowane bayani nauyi, ya faɗi inda yake son a haɗa masu kama da juna da inda yake son a gauraya.

Manhajar takan fara da rabo irin na ƙuri'a, sannan ta riƙa musanya ɗalibai biyu-biyu tsakanin rukunoni, tana riƙe duk musayar da ta kawo gyara. Abin lura shi ne inda ta sa ido: rukunin da ya fi kowane rauni take ƙoƙarin ɗagawa. Duk wanda ya taɓa haɗa kwamiti a ma'aikata ya san amfanin haka, domin kwamitin da ya gurgunce shi ke riƙe rahoton kowa.

Sai dai hukuncin yana hannun malami. Shi zai yanke ko gudun barin mace ɗaya tilo cikin maza ya fi daidaita jadawali muhimmanci, ko akasin haka. Manhajar kuma da abin da aka faɗa mata take aiki. Ɗalibin da ya rubuta cewa ba shi da lokaci sai daren Talata, don ya faɗa rukunin abokinsa, ita za ta ɗauka gaskiya ya faɗa.