Ba Ciwon Asibiti Ba Ne

Tsakanin ranar da ciwo ya kama mutum da ranar da ya zauna gaban likita akwai tazara. Ga wani kwana biyu ce, ga wani shekara biyu, kuma sau da yawa tun a wannan tazarar ake yanke hukuncin warkewa ko rasuwa. A shekarar 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, da suke nazarin mutuwar mata wurin haihuwa, sun kasa jinkirin gida uku: jinkirin yanke shawarar a tafi, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku maganar hanya ce da mota da ma'aikata. Na farko kuwa a cikin gida yake faruwa, tsakanin ɗaki da zaure, inda duk wanda aka tambaya ya jiki zai ce da sauƙi, ko da sai an juya shi yake juyawa.

Kuɗi da kemis

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye: kuɗin kati, gwaji, hoto, gado, magani, wani wurin har safar hannu da auduga. Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki a 2005, dokar 2022 ta wajabta shi a kan kowa, amma akasarin manoma da 'yan kasuwa ba su cikinsa. Wanda in bai fita ba tukunya ba za ta hau murhu ba, wuni guda a layin asibiti asara biyu ce gare shi. Shi ya sa zangon farko kemis ne. A ce wa mai shago ya haɗa na zazzaɓi, ya ƙulla ƙwayoyi kala uku a leda, in ba a ji dama ba a koma a ce maleriya da taifod ne, a ƙara ruwa. Haka ake cinye makonni.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai bai bayyana wani abu ba. Iyalin da suka ce ba su da kuɗin gwaji, su ne za su sayar da akuya, su yi shatar mota zuwa ƙauye mai nisa wurin wani mai magani da aka ba su labari. Wanda ya yi haka ba rashi kaɗai ya tsare shi ba. Tun kafin ya buɗe aljihu ya riga ya yanke a ransa cewa wannan ba ciwon asibiti ba ne.

Wannan jimlar ita ce uwar matsalar. An kasa cututtuka biyu, na asibiti da waɗanda asibiti ba ta iya musu, kuma abin takaici, a kashi na biyun aka zuba mafi yawan waɗanda jinkiri ya fi yi wa illa.

Shawara

An gaji maganar cewa mai shawara ba a yi masa allura, in aka yi sai gawa. Da farko dai, rawayar ido alama ce da cututtuka da yawa suke nunawa. Idan jajayen ƙwayoyin jini suka tsufa suka fashe, suna barin wani sinadari mai launin ɗorawa, hanta ta tace shi ta zubar ta hanyar matsarmama. In ƙwayoyin jinin suna fashewa da yawa, kamar a maleriya mai tsanani ko sikila, ko hantar ta kumbura, ko tsakuwa ta toshe hanyar matsarmama, sai sinadarin ya taru ya bayyana a ido da fitsari. Cututtuka huɗu ko biyar ke nan, kowace da maganinta, an haɗa su a suna ɗaya an ba su jiƙo ɗaya.

Akwai 'yar ƙwayar gaskiya a cikin tsoron: hantar da ta jikkata ba ta jure wasu magunguna, har da farasitamol in an wuce ƙa'ida. Amma ai wannan hujja ce ta a je a auna hantar kafin a sha komai. Saiwoyin da ake jiƙawa a ɗura wa mara lafiya kofi-kofi ta wace hanya suke bi, in ba ta wannan hantar ba? Yaron da maleriya ta sa idonsa ya yi rawaya kuwa, maganin da ke ceton ransa allura ce ta atesunet. Wato abin da aka hana shi, shi ne maganin. Jaririn da ya yi shawara a kwanakin farko ana sa shi ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila a asibiti; in ta yi yawa aka bar shi a gida ana shanya shi a hantsi, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ta bar shi da kurumta ko naƙasa har abada.

Daji da ƙarfe

Babu inda wannan imani ya fi ɓarna kamar ciwon daji. Ana cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Ga yadda labarin yake tafiya, kuma kusan kowace unguwa ta san irinsa.

Mace tana wanka sai ta ji wani ƙullutu a nono, bai fi ƙwayar wake ba. Ba ya ciwo, don haka ta bar shi. Bayan watanni ya kai lemon tsami, ta nuna wa aminiyarta, aminiya ta kai maganar wurin wata tsohuwa, tsohuwa ta taɓa ta ce daji ne, kada ki kuskura ki yarda da asibiti. A shiga shafe-shafe da hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Wani lokaci har a kira wanzami ya yi tsaga, ko a gasa kibiya a yi sakiya, kamar aska da kibiya ba ƙarfe ba ne! Shekara ta zagayo, fata ta fashe, wurin ya fara ruwa da wari, kaluluwa ta fito a hammata, baya ya riƙe, tari ya ƙi tsayawa. Sai a lokacin ake ɗaukar ta zuwa asibitin koyarwa, Kano ko Shika ko Sakkwato. Likita ya ɗebi ɗan nama don gwaji. Bayan wata biyu Allah Ya yi mata rasuwa. A zaman makoki a ce, ai sai da aka faɗa musu, daga taɓa shi da ƙarfe shi ke nan.

Kaluluwar hammata da ciwon bayan da tarin nan su ne shaidar cewa ciwon ya riga ya bi jini da hanyoyin jiki ya sauka a ƙashi da huhu tun kafin ta taka ƙofar asibiti. Ƙarfen likita ya zo ne ya tarar da aikin gama ya gama. Amma masu zaman makoki abin da suka gani suke ƙirgawa: ta shiga asibiti, ta mutu. Ita kuwa wadda aka cire wa ƙullutu tun yana ƙwayar wake ta warke, ba ta shelanta wa kowa, saboda kunya, don haka ba ta shiga lissafi. Ta haka imanin yake ciyar da kansa: yana hana zuwa da wuri, zuwa a makare yana kawo mutuwa, mutuwar kuma ta zama hujjarsa.

Likitoci suna kasa ciwon daji mataki huɗu, kuma yawancin matan Najeriya masu sankarar mama a mataki na uku ko na huɗu suke zuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki fiye da mata 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan gano ciwon, a Afirka ta Kudu kuwa kimanin 40. Na'urori suna da rabonsu a wannan bambanci, amma zuwa da wuri yana da babban kaso. Mafi yawan ƙullutun nono ma ba daji ba ne, gwaji ne kawai ke bambancewa. Haka kuma gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa, wanda ake yi wa laƙabi da daji, sau da yawa ciwon suga ne. A yi ta barbaɗa masa gari har a kai ga yanke ƙafar.

Basir ma ya cancanci a tsaya a kansa, tunda motocin lasifika a kasuwanni sun mai da shi uban cututtuka. Ciwon baya basir, kasala basir, raunin mazakuta basir. Basir na gaskiya jijiyoyin jini ne da suka kumbura a dubura, ba shi da wata hanya zuwa gadon baya. Haɗarin shi ne, jini a bayan gida ga wanda ya manyanta, musamman in yana ramewa, yana iya zama dajin hanji, a shekara ana shan maganin basir a kansa.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa iska ake ɗora wa, ko jifa. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini, kuma awannin farko su ne masu tsada. Hawan jinin kansa ba ya sallama: kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Awo ne ke nuna shi, in ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama.

Kunya, izini da rashin yarda

Mai haihuwar fari ana son ta nuna dauriya, ta ɓoye naƙuda. In abin ya tsananta kuma maigida ba ya nan, a zauna jiran izini. Naƙudar da ta kwana ta wuni kan ɗa ya toshe hanya ita ke haifar da yoyon fitsari, wanda asibitin Babbar Ruga a Katsina ya shahara da gyaransa. Izinin da aka bayar tun ciki yana ƙarami yana kawar da wannan jiran gaba ɗaya. Maza ma suna da tasu kunyar: dattijo zai shekara fitsari yana masa gardama, ko yana ɗauke da ƙaba, bai faɗa wa ko ɗansa ba.

Rashin yarda yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a. Wannan tabon yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003. Tsawar wasu ma'aikata ga marasa lafiya ma tana korar mutane. Maganar ƙaddara kuwa malamai sun daɗe da warware ta: neman magani ba ya karo da tawakkali.

Mai maganin gargajiya bai da na'urar da zai ga cikin hanta, tsohuwar unguwa ba ta da gwajin da zai raba daji da ƙullutun banza. Saboda haka babu wanda ya isa ya ce ciwo ba na asibiti ba ne kafin a auna. Ƙullutun da ba ya ciwo, tarin da ya wuce mako biyu, rawayar ido, jini a bayan gida, ramar da ba dalili, karkacewar baki ko mutuwar hannu farat ɗaya, kumburi da ciwon kai ga mai ciki: waɗannan ba a kwana da su ana shawara a zaure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.