Maimaita Karatu Ko Tuno Shi Da Ka: Wanne Ya Fi Zaunar Da Ilmi?

Kowane malami ya san wannan baƙin ciki: ka koya wa yaro abu yau, ya amsa maka daidai, bayan kwana bakwai ka tambaye shi ya yi tsuru, sai ka ce bai taɓa ji ba. Da yawanmu mukan ce maganin abin shi ne yaro ya yi ta maimaita karanta littafinsa. To, masu binciken yadda hankalin mutum ke aiki sun gwada, sun ga ba haka ba ne.

A cikin shekarar 2006 waɗansu masana biyu, Roediger da Karpicke, na Jami'ar Washington da ke birnin St. Louis a Amurka, suka ba ɗalibai wani gajeren labari su koya. Waɗansu aka ce su yi ta karanta shi zama huɗu. Waɗansu kuwa zama ɗaya kaɗai suka karanta, sa'an nan aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka iya tunawa har sau uku.

Da aka jarraba bayan minti biyar, masu maimaita karatu suka yi rinjaye, suka tuna kashi 83 cikin ɗari, masu tunowa da ka 71. Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Waɗanda aka jarraba bayan mako guda, masu maimaitawa kashi 40 kaɗai suka riƙe, masu tunowa da ka suka riƙe 61. Abin mamaki, masu maimaitawar nan su ne suka fi tsammanin za su tuna.

Dalili kuwa shi ne, in ido ya saba da shafi sai zuciya ta zaci ta san abin da ke ciki. Wahalar nan da mutum ke sha wajen laluben abu a cikin kansa ita ke kafa shi. Malaman makarantun allo sun daɗe a kan wannan hanya, gama akan wanke allo, almajiri ya ci gaba da tilawa da ka.

Saboda haka muna jawo hankalin malamai, kada su mai da tambaya abin tsoratarwa na ƙarshen shekara. A rufe littafi, a tambayi yara darasin jiya da na makon jiya, a gyara musu kuskure nan take. Ma'aikacin ofis mai shirin jarrabawa shi ma ya rufe nasa ya gwada kansa, tun ranar ba ta zo ba.