Kyautar Da Ba Ta Kwana Ba

Ranar Juma'a, 30 ga Disamba, 2005, dala miliyan 165 ta faɗa cikin asusun wata ƙaramar gidauniya a garin Stillwater na jihar Oklahoma, a Amurka. Gidauniyar ba wata shahararriya ba ce. An kafa ta ne don tallafa wa 'yan wasan golf na Jami'ar Jihar Oklahoma, sunanta ma ke nan, Cowboy Golf. Kuɗin bai cika awa guda a cikin asusun ba aka sake tura shi gaba. Ina aka kai shi? Kamfanin zuba jari na BP Capital da ke Dallas, wanda mai shi, T. Boone Pickens, shi ne mutumin da ya ba da kyautar tun farko.

Da aka sanar da kyautar a Janairun 2006, kowa ya jinjina. Ba a taɓa bai wa sashen wasanni na wata jami'a a Amurka kuɗi mai yawan haka a karo ɗaya ba. Sai bayan 'yan makonni jaridar New York Times ta fito da bayanin yadda kuɗin ya shiga ya fita, surutu ya tashi.

Sai an san mutumin kafin a gane abin da ya yi. An haifi Pickens a 1928 a Holdenville, wani ɗan ƙaramin gari a Oklahoma, daga baya iyayensa suka koma Amarillo a jihar Texas. Ya shiga jami'ar Texas A&M da tallafin ƙwallon kwando na dala 25 a wata. Bayan shekara guda aka yanke tallafin. Ya tattara nasa-ya-nasa ya koma jami'ar da ke Stillwater, inda ya karanci ilimin duwatsu da ma'adinai ya gama a 1951. Shekaru masu yawa bayan haka, wata mujallar magoya bayan Texas A&M ta saka yanke wannan dala 25 cikin manyan kura-kuran da makarantar ta taɓa tafkawa. Kuma da gaskiyarta.

Ya ɗan taɓa aiki da kamfanin mai na Phillips, zaman bai yi masa daɗi ba, ya fita ya kafa nasa, wanda ya zama Mesa Petroleum. A shekarun 1980 sunansa kawai ya isa ya hana shugabannin manyan kamfanonin mai barci. Salonsa shi ne ya bi a hankali yana sayen hannun jarin kamfanin da ya ninka nasa girma sau da yawa, sannan ya fito fili ya ce zai ƙwace shi. Ya yi wa Gulf Oil haka, ya yi wa Unocal, ya yi wa Phillips ɗin da ya taɓa yi wa aiki. Yawanci ba ya samun kamfanin, amma farashin hannun jarin yakan tashi, shi kuma ya sayar ya fita da riba mai tsoka. Ya rabu da Mesa a 1996 yana dab da shekara saba'in, mutane suna cewa tasa ta ƙare. A 1997 ya kafa BP Capital, yana cinikin hasashen farashin mai da iskar gas, ya tara dukiyar da ta fi ta farko nesa ba kusa ba.

Duk da wannan arziki akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya: ƙungiyar ƙwallon makarantarsu ba ta cin wasa. Ƙwallon da ake nufi ita ce ta Amurkawa, mai hular kwano da kafaɗun sulke, wadda galibi da hannu ake yin ta. A can wasan jami'o'i ba abin wasa ba ne. Kowace Asabar ta kaka, dubban mutane kan cika filaye, gidajen talabijin na biyan maƙudan kuɗi, kuma a jihohi da yawa kocin ƙungiyar jami'a shi ne ma'aikacin gwamnati mafi tsokar albashi. A wancan lokaci ba a biyan 'yan wasan albashi, don haka abin da ake janyo yaro ɗan shekara 17 ko 18 da shi shi ne abin da idonsa zai gani ranar da ya zo ziyara: filin wasa, ɗakin motsa jiki, wurin canza kaya, ɗakin cin abinci. A wannan fanni Stillwater ba ta da abin nunawa. Filinta, Lewis Field, tsoho ne tun wajen 1920, ƙarafansa sun yi tsatsa har abokan hamayya sun laƙaba masa sunan wani fenti na maganin tsatsa. Makarantar da ta fitar da Barry Sanders, gwarzon ɗan wasan jami'o'i na 1988, ita ce a 1991 ta gama kakar wasa ba ta ci ko ɗaya ba: an doke ta sau goma, ta yi kunnen doki sau ɗaya. Babbar kishiyarta kuwa, Jami'ar Oklahoma da ke Norman, kusan kullum sai ta lallasa ta. Pickens ya sha faɗa cewa ya gaji da zuwa wasan bikin tsofaffin ɗalibai yana komawa gida da takaici.

A 2003 ya fara da alkawarin dala miliyan 70, miliyan 20 daga ciki na gyaran filin, aka kuwa sauya wa filin suna ya koma Boone Pickens Stadium. A Satumbar 2005 aka naɗa amininsa Mike Holder, wanda ya shafe fiye da shekara talatin yana horar da 'yan golf na jami'ar, daraktan wasanni. Pickens bai taɓa ɓoye cewa shi yake so a kujerar ba. Wata uku bayan haka miliyan 165 ta sauka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a Stillwater ba wanda ya yi musun wannan.

Me ya sa sai 30 ga Disamba? Bayan guguwar Katrina, majalisar dokokin Amurka ta yi wata doka ta wucin gadi da ta ba masu kyauta sassaucin haraji fiye da yadda aka saba, matuƙar sun ba da kuɗin kafin shekarar 2005 ta fita. An yi dokar ne don a ƙarfafa taimako a lokacin bala'i, amma ba ta ce sai ga waɗanda guguwar ta shafa ba. Pickens ya shiga ta wannan ƙofa saura kwana ɗaya a rufe ta. Masu suka suka ce: ga mutum ya samu rangwamen haraji, ga kuɗin ya dawo hannunsa yana juyawa, ga shi kuma yana cikin kwamitin gidauniyar da ta karɓi kuɗin. Shi da jami'ar suka amsa cewa ba a karya doka ba, kuɗin na gidauniyar ne har da ribarsa, kuma ya yafe ladan da yakan karɓa daga masu zuba jari a wurinsa. A ganina duka ɓangarorin biyu gaskiya suka faɗa. Abin da ya kamata a fi tsayawa a kai shi ne an ɗora burin makaranta guda a kan hasashen mutum ɗaya game da farashin gangar mai.

Burin kuwa ba ƙarami ba ne. Za a rufe gefen yamma na filin da katafaren gini mai ofisoshi da ɗakunan 'yan wasa da ɗakunan alfarma na manyan baƙi. A arewa da filin za a gina abin da suka kira ƙauyen wasanni: rufaffen wurin atisaye, filayen tanis, na tsere, na ƙwallon ƙafa, da sabon filin besbol. Miliyan 165 ba za ta isa ba, kowa ya sani. Lissafin shi ne a bar kuɗin a hannun Pickens ya hayayyafa, a riƙa gini da ribar.

Matsalar farko ita ce wurin da za a gina ƙauyen ba fili ba ne, unguwa ce da mutane a ciki. Ƙananan gidaje ne na katako, wasu na tsofaffin da suka yi shekara da shekaru a wurin, wasu na haya da ɗalibai ke zaune. Jami'ar ta shiga saye, tana kuma riƙe da ikon da doka ta ba hukuma na karɓar fili don amfanin jama'a ta biya diyya. Mutane suka riƙa tambaya ko filin atisayen 'yan ƙwallo shi ne amfanin jama'a. Mafi yawa suka sayar suka tashi, katafila ta bi layi-layi tana rushewa. Wasu 'yan'uwa biyu masu wani ɗan gidan haya suka ƙi, shari'arsu ta kai har kotun ƙolin jihar, amma daga ƙarshe gidan bai tsira ba.

Da farko lissafin ya yi kyau har ya wuce tsammani. An haɗa kyautar da wasu kuɗaɗe ta kai kusan miliyan 202. Farashin mai yana ta hawa, Pickens kuma a kan hawan ya sa kuɗinsa. Zuwa tsakiyar 2008 asusun ya kai wajen miliyan 407, wato ya ninka. A watan Mayun shekarar ya ƙara miliyan 100, wannan karon don kujerun farfesoshi, abin da ya ɗan rage ƙorafin malaman da ke cewa ƙwallo kawai attajirin ya sani. A Yuli gangar mai ta taɓa dala 147.

Daga nan ta juyo ƙasa. A Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe, kasuwannin duniya suka rikice, kafin ƙarshen shekara ganga ta faɗo ƙasa da dala 40. Lokacin da aka janye kuɗin jami'ar daga BP Capital a Oktoba, abin da ya rage bai wuce miliyan 125 ba. Miliyan 282 ta narke cikin 'yan watanni. Ginin yamma na tsaye rabi da rabi, ga 'yan kwangila na jira. A arewa kuma, inda aka tashi mutane, sai fili fetal da ciyawa, da ragowar titunan unguwar da ba sa kai mutum gidan kowa. Aka dakatar da ƙauyen wasanni.

Nan ne dole a yaba wa tsohon. Shi kansa ya tafka asara mai yawa a wannan shekara, masu zuba jari suna ta janye kuɗinsu daga kamfaninsa. Duk da haka, a cikin Oktoban nan ya sake ciro dala miliyan 63 ya bayar don a ƙarasa filin.

Sai dai akwai wata dabara ta biyu da aka ƙulla tun ana cikin daɗi, kuma ita ce ta fi ba ni mamaki a labarin nan gaba ɗaya. A 2007, da goyon bayan Pickens, asusun wasannin jami'ar ya sayi inshorar rai a kan mutum 27 daga cikin tsofaffin magoya bayan ƙungiyar, masu shekara 65 zuwa 85, da yardarsu. Kowane ɗaya dala miliyan 10. Duk wanda ya rasu, kuɗin ya shiga asusun wasanni. Masu lissafi suka ce a ƙarshe za a iya samun maƙudan kuɗi. A taƙaice, sashen wasanni na jami'a ya zauna yana jiran mutuwar masoyansa, aka kuma raɗa wa shirin suna mai daɗi, wai kyautar da ake yi sau ɗaya a rayuwa. Wasu jami'o'in har sun fara tambayar yadda ake yi.

Shekara ta farko ta wuce, ta biyu ta bi bayanta. An biya kamfanin inshorar Lincoln National kusan dala miliyan 33. A cikin dattawan nan 27 babu ko ɗaya da ya rasu. Ga kasuwa ta karye, babu kuɗin ci gaba da biya, sai aka soke inshorar a 2009. Asusun ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, yana cewa ba a miƙa masa ainihin takardun ba sai a wannan shekarar, don haka yana cikin 'yan kwanakin da doka ta ba mai saye ya fasa. Kotu ta duba ta ga tun 2007 an sa hannu a takardun shaidar karɓa. A 2012 alƙali ya ce kamfanin ya riƙe kuɗinsa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2013.

Filin dai an gama shi. Ranar 5 ga Satumba, 2009 aka buɗe shi a wasa da Jami'ar Georgia, masu gida suka ci 24 da 10. A lokacin yana ɗaukar mutum kusan 60,000, alhali garin Stillwater kansa bai kai 50,000 ba. Yaran da a da ba sa ko kallon makarantar suka fara zuwa. A 2011, ƙarƙashin koci Mike Gundy, ƙungiyar ta ci wasa 12 ta faɗi ɗaya, ta ɗauki kofin rukunin Big 12 karo na farko, ta yi wa kishiyarta ta Norman 44 da 10 a cikin sabon filin, sannan ta doke Stanford 41 da 38 a wasan Fiesta Bowl. Kofin ƙasa baki ɗaya, wanda Pickens ya fi kwaɗayi, bai zo ba. Tsakaninsa da Gundy ma ba kullum ake shan inuwa ɗaya ba, don mai kuɗin ba ya iya ganin abu ya yi shiru.

Ƙauyen wasannin ya tashi daga baya, guntu-guntu, kuma da yawansa da kuɗin wasu attajiran ne, shi ya sa sunayensu ke jikin gine-ginen. Rufaffen wurin atisayen ya buɗe a 2013, na tanis ya biyo baya. Pickens ya rasu a Dallas ranar 11 ga Satumba, 2019, yana da shekara 91, bayan ya ba jami'ar jimillar kusan dala miliyan 652, kusan rabi ga wasanni, rabi ga karatu. Filin besbol ɗin da ke cikin zanen 2006 sai a 2020 aka kammala shi, da sunan wani attajirin mai daga jihar Kansas, Cecil O'Brate.