Ciwon Muƙamuƙi da Minshari: Karatun da Ya Wajaba Likitan Haƙori Ya Ƙara

Duk wanda ya san al'adar mutanenmu game da ciwon haƙori, tun daga Gusau har Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukan da ke kewaye da su, ya san mutum ba ya zuwa asibiti sai ya gama da kanumfari da ruwan gishiri da ƙwayoyin kemis, sai ciwo ya raba shi da barci, sa'an nan ya hau mota da buƙata guda a bakinsa, watau a cire masa haƙorin ya huta. Sau da yawa buƙatar tana kan hanya, domin tsutsa ta riga ta cinye haƙorin har jijiya. Amma akwai wani kashi na masu zuwa waɗanda haƙoransu lafiya lau suke, illar tana can gaban kunne, inda muƙamuƙi ya haɗu da ƙashin kai. Irin waɗannan in an biye musu aka cire haƙori ɗaya, bayan wata guda za su dawo a cire na biyu, baki ya yi giɓi, ciwo kuwa yana nan daram.

Wannan gaɓa ta muƙamuƙi halitta ce mai ban al'ajabi, domin tana juyawa kuma tana zamewa gaba a lokaci guda, akwai ɗan faifan guringuntsi a tsakiyarta mai hana ƙashi gogar ƙashi, kuma ta dama ba ta motsi sai tare da ta hagu. Da ita ake tauna, da ita ake magana da hamma da karatu. Idan ta sami matsala, ko naman da ke motsa ta ya gaji, mutum yakan ji ciwo a gaban kunne ko a gefen kai, ya ji ƙas-ƙas in ya buɗe baki, wani lokaci bakin ya ƙi buɗuwa yadda ya saba. Lafiyayyen baki kuwa yakan ɗauki yatsu uku a jere, kimanin milimita 40. Mata sun fi maza kamuwa, galibi tsakanin shekara 20 da 40. Daga cikin sababansa akwai bugu ko faɗuwa daga babur, da yawan tauna abu mai tauri irin su goro da rake da kilishi, da cije haƙora dare da rana ba tare da mutum ya sani ba. Wannan na ƙarshe yana tafiya da damuwa da fargaba, kuma ba sai an gaya wa Bazamfare ba irin daren da mutanen karkara suka yi ta kwana cikinsa a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Matar da ta baro ƙauyensu ta sami mafaka a Gusau, in ta zo da ciwon muƙamuƙi, haƙƙinta ne a tambaye ta yadda take barci kafin a ɗauko abin cire haƙori.

Dalilin da ya sa wannan babi yake bukatar muraja'a kullum shi ne, su kansu malaman fannin sun sauya ra'ayi a kansa. A shekarar 1934 wani likitan kunne a Amurka, James Costen, ya danganta wannan ciwo da faɗuwar haƙoran baya da rashin daidaituwar cizo, aka karɓi maganarsa, aka yi shekaru ana goge haƙoran mutane ana sake musu tsari da nufin magani. Da bincike ya yi zurfi sai aka ga hujjar ba ta da ƙarfi. A 1992 aka fitar da ƙa'idojin tantance ciwon, aka sake gyara su a 2014, kuma suka sanya halin zuciyar marar lafiya a ma'auni tare da halin gaɓarsa. Abin da jumhurun masana suka tsaya a kai yau shi ne a fara da abin da ba ya barin tabo: a yi wa mutum bayani, ya sassauta tauna, ya gasa wurin da ruwan ɗumi, ya koyi motsa muƙamuƙi a hankali, a ba shi maganin zafi na ɗan lokaci, in ta kama a yi masa robar da zai riƙa sa wa haƙora da dare; tiyata sai ga 'yan kaɗan. A 2020 ne Amurka ta amince da ciwon baki da fuska a matsayin fanni mai zaman kansa a likitancin haƙori. Ke nan likitan da ya tsaya a kan abin da ya karanta shekara 20 da suka wuce yana iya yin aiki da hukuncin da aka riga aka shafe, da kyakkyawar niyya, ya kuma cutar.

Haka nan dole ya san abin da ke kama da wannan ciwo alhali ba shi ba ne. Akwai ciwon jijiyar fuska mai fizga kamar wutar lantarki, wanda aka cire wa mutane da yawa haƙora saboda shi a banza. Akwai ciwon zuciya da kan bayyana a muƙamuƙi. Akwai tatanas mai kulle baki. Akwai kuma cutar noma mai cinye naman fuskar yara masu tamowa, wadda kan bar muƙamuƙi a sanƙare bayan ta warke. Saboda ita aka kafa asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Sai babi na biyu, wanda ya fi wancan ɓoyuwa, watau minshari. Mu a wurinmu minshari abin tsokana ne, ko alamar mutum ya gaji ya sami barci mai nauyi. Ga wasu haka ɗin ne. Amma ga wasu, idan barci ya ɗauke su naman maƙogwaro ya saki, harshe yakan koma baya ya toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, iskar da ke cikin jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta farkar da mutum a firgice ya ja numfashi da ƙarfi, ya koma barci, abin ya sake faruwa, shi kuwa da safe bai san an yi ba. Likitoci suna ƙirga sau nawa hakan ke aukuwa a sa'a guda: daga 5 an shiga ciwo, daga 15 ya kai matsakaici, fiye da 30 ya tsananta. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 suna da shi a duniya. Yana da alaƙa da hawan jini mai ƙin jin magani, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da gyangyaɗin rana. Direban da ke ɗauko fasinja daga Gusau ya bi ta Kwatarkwashi da Tsafe zuwa Funtuwa, in yana da wannan lalura, ba ransa kaɗai ke cikin hatsari ba.

Ana iya tambaya, ina ruwan likitan haƙori da barci? Ruwansa shi ne, shi ke leƙa cikin baki da fitila. Shi zai ga harshe mai girma da shatin haƙora a gefensa, da ƙaramin muƙamuƙi da ya koma baya, da maƙogwaro mai ƙunci, da haƙoran da cizon dare ya siɗe. Akwai tambayoyi 8 da aka tsara a Toronto ta ƙasar Kanada a 2008, a kan minshari da gajiya da tsayawar numfashi da hawan jini da ƙiba da shekaru da kaurin wuya da jinsi, waɗanda ba su bukatar komai sai awon tela da sikeli da minti kaɗan, kuma sau da yawa matar mutum ita ce shaidar da ta fi shi sanin amsa. Tabbatar da ciwon aikin likitan jiki ne da gwajin barci, ɗakunan wannan gwaji kuwa kaɗan ne a Nijeriya, galibi a manyan birane. Babban maganinsa na'ura ce mai hura iska ta hanci, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Ostareliya a 1981, sai dai tana da tsada kuma tana son wuta dare duka, abin da mai zama a Bunguɗu ba zai dogara da shi ba. A nan ne likitan haƙori yake da abin bayarwa: wata roba da ake aunawa daidai bakin mutum, mai tura muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan don hanyar iska ta buɗe, ba ta bukatar lantarki, kuma tana amfani ga mai ƙarami ko matsakaicin ciwo da wanda ya kasa jure na'ura. Amma tana son haƙora masu ƙwari, tana iya tayar da ciwon gaɓar muƙamuƙi, tana iya sauya cizo bayan shekaru, don haka wanda bai ƙware a babin farko ba bai halatta ya taɓa na biyu ba. Wajibi ne kuma a gaya wa jama'a cewa cire belu a wurin wanzami ba ya maganin wannan lalura, sai ma ya jawo zubar jini.

Hukumar da ke ba likitoci da likitocin haƙori lasisi a Nijeriya ta shar'anta wa kowane likita ya tara maki 20 na ƙarin ilmi kowace shekara kafin a sabunta masa izinin aiki. Sharaɗi ne mai kyau, amma maki ba ilmi ba ne, kuma ana iya tara shi da zaman sauraron lacca a kan abin da ba ya haɗa likita da marasa lafiyarsa. A ganina abin da ya dace da Zamfara shi ne a kawo karatun gida: Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura su riƙa shirya zama a kai a kai, a gayyato malamai daga asibitocin koyarwa na Sakkwato da Kano da Zariya, a yi shi da hannu a kan marar lafiya na gaske, domin taɓa naman muƙamuƙi da auna buɗewar baki ba a koyonsu ta waya. A kuma sa Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Tsafe a ciki, tunda ɗalibanta ne za su zauna a ƙananan asibitocin da talaka ke fara zuwa, kuma su ma za su iya yin tambayoyin nan 8 su tura wanda ya kamata gaba.

Kira nake yi ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha da reshen ƙungiyar likitocin haƙori su sanya waɗannan babi biyu cikin jadawalin ƙarin ilmi na shekara mai zuwa. Kai kuma mai karatu, idan an shaida maka numfashinka yana tsayawa cikin barci, ko muƙamuƙinka yana ciwo alhali ba a ga tsutsa a haƙorin ba, ka faɗa wa likita haka ƙarara, kada ka yarda a cire maka haƙori sai an bincika gaɓar da ke gaban kunnenka.